Maigida Mai Zafi, Rana Mai Zafi: Tambayoyin Masu Aikin Ƙarfi a Sakkwato

Na ɗauki kwanon kankare a ka shekara da shekaru kafin in riƙe cokalin gini, yau kuma ni ma ina da yaran da nake fita aiki da su. An yi mini tsawa, ni ma, Allah ya yafe mini, na yi wa wasu. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi kawo mini idan bazara ta kankama, wani a gindin dogon yaro bayan azahar, wani a ƙofar gida bayan isha'i. Cikin masu tambayar akwai leburorin gini, akwai 'yan dakon Kasuwar Kara, akwai masu buga bulo, yaran walda, da masu wuni gaban tanderun gidan burodi.

Maigidana ba ya buɗe baki sai da faɗa. In yi haƙuri, ko in bar masa aikinsa?

Duk wanda ka kai wa wannan kukan zai ce ka yi haƙuri, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Sai dai ba a cika gaya wa yaro a kan me zai yi haƙurin ba. Tsawa, ɗaure fuska, kushe aikin da ka sha wahalarsa, kiranka "kai" alhali ya san sunanka, duk waɗannan ana shanye su, a kunne suke tsayawa. Na yi aiki ƙarƙashin wani helma, wato shugaban leburori, da bai taɓa ce mini sannu ba. Ko ruwa na tsuguna sha, sai in ji muryarsa a bayana: "Mi kaka yi nan?" Amma ranar biya ko kwabona bai taɓa yin ciwon kai ba, kuma a hannunsa na koyi ɗora bulo a miƙe. Da na bi zuciya a watan farko, da yau ban iya komai ba.

Abu uku ne ban yarda a kira shiru a kansu haƙuri ba: ruwa da inuwa, kuɗin guminka, da hannunsa a jikinka. Maigida mutum ne, in ka daure masa wata rana zai iya jin kunya ya sassauto. Rana ba ta jin kunyar kowa, ƙoda kuma ba ta san ladabi ba. Yaron da ya ji jiri ya ci gaba da hawa tsani don kada a ce masa rago, ba haƙuri yake yi ba, kasada yake yi da ransa. To kafin ka tattara kayanka, zauna ka tambayi kanka: bakinsa ne kawai ya dame ka, ko ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan? In baki ne, toshe kunne ka koyi sana'a. In ya shiga ukun, sai a yi magana, kuma ga yadda ake yin ta a ƙasa.

Mu da aka haifa a Sakkwato, me rana za ta yi mana?

Wannan fahariyar ta kwantar da mutane da yawa. Gaskiya ne jiki yana sabawa. Wanda ke aiki cikin zafi kullum yana fara zufa da wuri, kuma zufarsa ba ta kwashe gishirin jiki da yawa. Amma wannan sabo yana cin kwana 7 zuwa 14 kafin ya zauna, kuma yana fara gudu in ka yi mako ɗaya ko biyu kana kwance ko kana zaman inuwa. Shi ya sa waɗanda suka fi faɗuwa su ne sabon shiga, da ɗan ci-ranin da ya sauka jiya, da wanda ya tashi daga zazzaɓi ya dawo yana son nuna wa maigida bai lalace ba. Sabon yaro ba a jibga masa cikakken aikin tsakar rana a ranar farko, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan ne har mako ya zagayo.

Sannan zafin garin nan ba iri ɗaya ba ne. Daga Maris zuwa Mayu, haura digiri 40 a ma'aunin salshiyas abin yau da kullum ne, kuma a inuwa ake auna wannan lissafin, ba a kan kwanon rufi ba, ba kuma a bakin tanderu ba. A Maris iska busasshiya ce, zufa na fitowa tana bushewa nan take, ba ka ganin komai sai farin gishiri a bayan riga, ruwan jikinka na tafiya ba ka sani ba. Zuwa Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa, iska takan yi nauyi, zufa ta yi ta tsiyaya ba ta bushewa. Zufar da ba ta bushe ba kuwa ba ta sanyaya jiki, ɓarnar ruwa ce kawai. Ni wannan lokacin na fi tsoro.

Mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, mai ciwon suga, mai sikila, da dattijon da ƙarfi ya fara ja baya, su ne ya kamata a fi sa wa ido, ko da sun ce lafiyarsu ƙalau.

Ruwa nawa ya kamata in sha?

In kana aikin ƙarfi cikin rana, leda ɗaya ta fiya wata duk rabin awa. Leda ɗaya rabin lita ce, kuma mai kwaɓi ko ɗan dako na iya zubar da zufar lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. Kada ka jira ƙishirwa, don ita a makare take zuwa. Kada kuma ka ƙi sha tun safe sannan ka kafa kai a bokiti lokaci ɗaya, cikinka ne kawai zai ɗaure. Akwai iyaka ma: kada ya wuce leda uku a awa, don ruwa tsagwaronsa in ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, shi ma ciwo ne.

Ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi shi ne fitsarinka. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, kana lafiya. In ya koma kamar shayin da ba madara, ko ka wuni ba ka zagaya ba, ƙodarka ce ke kuka.

Gishirin da zufa ta kwashe abinci ne ke mayar da shi, saboda haka kada ka fita da cikin wofi. Fura da nono da rana ta fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. In ƙafafu ko ciki suka fara ɗaurewa, haɗa ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa: leda biyu na ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na takarda da ake sayarwa a kemis ma ya yi. Maganar da ake yi cewa shan ruwa ana cikin zufa yana kawo ciwo, ka bar ta a inda ka ji ta.

Ta yaya zan gane rana ta fara cin mutum? In ya faɗi me za mu yi?

Hawa biyu ne. Na farko, mutum zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jiki ya mutu, zufa na zuba, amma hankalinsa na nan, in ka tambaye shi sunansa zai faɗa. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗan ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa riga, a jiƙa shi, a ba shi ruwa yana kurɓa. Aikin ranar ya ƙare masa, ko ya ce ya warware. In rabin awa ta wuce bai dawo daidai ba, ko yana amayar da ruwan, sai asibiti.

Hawa na biyu shi ne mai kisa, kuma alamarsa a kai take. Wata shekara muna zuba dakin, wato rufin kankare, a wani gini a bayan gari, akwai wani yaro ɗan ci-rani da kwanansa uku da zuwa. Wajen ƙarfe biyu sai ya ajiye kwano a tsakiyar hanya, ya fara dariya shi kaɗai, yana kiran awakinsa da suna, ya nufi bakin dakin inda babu katanga. Aka riƙo shi. Jikinsa kamar an ciro ƙarfe daga maƙera. Nan take aka ce iska ce, wani ya fara tofi, wani ya tafi neman mai ruƙiyya. Wani dattijon birkila ne ya daka mana tsawa ya ce a sauko da shi, a tuɓe masa riga, a kwara masa ruwan duron kwaɓi. Muka yi ta sheƙa masa ruwa muna fifita da takardar buhun siminti, aka sayo ƙanƙara aka sa masa a wuya, hammata da matsematsi, sannan aka sa shi a Keke Napep da jiƙaƙƙen zane a jikinsa. Ya yi kwanaki a asibiti ana masa ƙarin ruwa, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ba na hana kowa addu'a, a yi ta, amma hannu na zuba ruwa.

Ka riƙe wannan: duk wanda ke aiki cikin zafi ya fara sambatu, ko tangaɗi kamar mashayi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma, ko yana jijjiga, to zafin cikin jikinsa na iya kaiwa digiri 40, kuma kowane minti na da tsada. A fara sanyaya shi tun a wurin, a ci gaba a hanya. Kada a jira zufa ta tsaya kafin a yarda, don wani yana zufar ake rasa shi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi a gefensa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. A wuce kemis a nufi babban asibiti, ga Asibitin Ƙwararru, ga na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wani dalilin kuma shi ne bazara lokacin sanƙarau ce a ƙasarmu, zazzaɓi da ruɗewa da sandarewar wuya likita ne kaɗai zai bambance.

Ya hana mu hutu, ya ce ba zaman inuwa ya ɗauke mu ba. Yaya zan yi masa magana ba tare da ya kore ni ba?

Da farko duba lokaci. Ba a tunkarar maigida sa'ad da tifar yashi ta makara, siminti ya yanke, mai ginin kuma ya gama wanke shi a waya. Ba a kuma yi masa gyara gaban yara, don a nan ba maganarka zai ji ba, girmansa zai kare. Same shi da safe bayan gaisuwa, ko da yamma an tashi, shi kaɗai. Ka rusuna ka ce, "Maigida, Allah ya ƙara girma, wata 'yar shawara ce gare ni in an ba ni dama."

Sannan kada ka fara da wahalarka, fara da asararsa. Kowane magini ya san kankaren da aka zuba da tsakar rana yana shanye ruwansa da wuri ya tsattsage, filasta ma haka, kwaɓi kuma na bushewa a kwano kafin ya kai hannun birkila. Leburan da ke hawa sau goma da safe, da ƙarfe biyu da ƙyar yake yin biyar. Ka ce masa, "In muka fara da an sallame asuba, kafin sha biyu mun karya ƙarfin aikin. Mu sarara zuwa la'asar, mu dawo mu ƙarasa. Awannin ba su ragu ba, aikin ne zai fi kyau." Wanda ba ya jin tausayi yakan ji lissafi. Maigidanmu na wancan ginin, kuɗin asibitin da ya biya wa yaron nan sun fi kuɗin ruwan shan da zai saya mana har damina ta faɗi. Washegari muka tarar da randa biyu a gindin bango.

Ba baƙon abu kake nema ba. A Saudiyya an hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba kowace shekara. A Katar hanin ya fi tsawo, daga goma na safe zuwa uku da rabi. Kuma in maigidan mai jin wa'azi ne, ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta azahar in zafi ya tsananta har rana ta yi sanyi. In salla ma an ce a jira, ina ga kwanon kankare?

Kada ka je kai kaɗai in damuwar ta kowa ce, amma kada ku je masa a gayya kamar masu zanga-zanga. Ku wakilta mutum biyu, ɗaya ya zama mai furfura. Sannan a tabbatar wanda ake wa maganar shi ne mai iko. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: sau da yawa helma muke tsana, alhali ɗan kwangilar da ya karɓi aiki a ƙasa da kuɗinsa ne ke hura masa wuta.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: in aikin jinga ne, ba maigida ke hana hutu ba, mu ne. Masu buga bulo da ake biya a kan buhu, ko 'yan dakon da ake biya a kan kaya, su suka fi kowa ƙin zama. A nan ba wanda za ka kai ƙara sai kanka.

Akwai dokar da ta san da irinmu, ko ta masu ofis ce kawai?

Akwai, kuma Dokar Ƙwadago ta Najeriya tun asali don masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikata aka yi ta. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce a wurinta. Ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. Ta ce kafin wata uku su cika da fara aiki a ba ka sharuɗɗan aikin a rubuce. Ta ce kada biya ya wuce wata ɗaya. Mai rashin lafiya da takardar likita yana da kwanakin aiki har 12 a shekara da za a biya shi. Dokar masana'antu kuma ta wajabta ruwan sha mai kyau, iska da akwatin taimakon gaggawa a ma'aikatu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, don wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma ta haɗa har da ɗan wucin gadi da mai koyon sana'a.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa, kada ka ɗora rai a kansa in kana ƙaramin wuri. Bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, bai kuma shafi aikin jinga ba. Dokarmu ba ta tsayar da sa'o'in hana aikin rana irin na Saudiyya ba.

Na san abin da za ka ce: wa zai bi wannan a kangon gini a Mabera ko Arkilla? Gaskiyarka, yawanci ba a bi. Amma wanda ya san hutun awa ɗaya haƙƙinsa ne, ba alfarma ba, ko muryarsa daban take in ya zo nema.

Yana riƙe mana kuɗi, ko ya zaftare ya ce mun yi ɓarna. Ina mafita?

Mafita tana farawa tun kafin ka ɗaga shebur. A yanke kuɗi a fili, gaban shaida: nawa ne, na wuni ne ko jinga, yaushe ake biya, abinci da ruwa a kan wa. Kunyar tambaya a ranar farko ita ke zama rigima a ranar ƙarshe. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanakin da ka yi da abin da ka karɓa, ko da ajami ne. In ba ka rubutu, tura masa saƙon murya ta WhatsApp da ladabi: "Maigida, yau kwana shida ke nan, saura kaza." Amsarsa shaida ce. Kuɗin da aka turo ta banki ma sun bar sawu.

Game da zaftarewa, doka ba ta ba maigida damar cin tarar ma'aikaci yadda ya ga dama ba. Ko ɓarna ka yi da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago zai cire, kuma duk abin da za a cire a wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka ba.

In ya ƙi biya, bi matakala. Shi kansa tukuna, a keɓe. Sai wanda yake jin nauyi: limamin masallacinsu, mai unguwa, shugaban ƙungiyar sana'arku ko na kasuwa. A garin nan wannan matakin ya fi kowanne saurin fitar da kuɗi, don ba mai son liman ya tuna masa hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. In abin ya faskara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ba ta karɓar ko sisi, daga ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata.

Abin da ba za ka yi ba: ɗaukar rodi, buhun siminti ko injin walda ka ce ka fanshe. Da safe kai ke bin bashi, da yamma kai ne ɓarawo a caji ofis.

Azumi fa?

A 2022 Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a farkon Afrilu, tsakiyar wuta. A 2025 azumi ya kama ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, wato yana fita daga bazara yana nufar hunturu. Duk da haka ranar Sakkwato ko a Fabrairu ba abin wasa ba ce ga mai dako.

Dabara ita ce a juya aikin: daga asuba zuwa hantsi, ko bayan tarawihi in akwai fitila. Ka rarraba shan ruwa tun daga buɗa-baki har sahur, kada ka tara shi a minti biyar na ƙarshe. Abin da malamanmu suka karantar shi ne mai aikin wahala ba ya wayar gari a buɗe don yana zaton zai sha wuya. Zai kwana da niyya ya tashi da azuminsa. In ƙishirwa ta kai shi inda yake tsoron cutuwa mai tsanani, ya sha ya rama daga baya, in kuwa halaka ake tsoro, shan ya zama dole. Wanda ya ga abokin aikinsa ya fara ruɗewa da rana kada ya tsaya jiran magariba.

Abokaina na shan ƙwaya su ce tana kashe gajiya. In gwada?

A'a. Tramol ba ya ƙara ƙarfi, ƙararrawar jiki yake kashewa, sai ka wuce inda ya kamata ka tsaya ba ka ji ba. Yana kuma kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ka ƙiyasta hakan a saman tsani. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗin da ake ƙullawa a leda, in aka sha su jiki ba ruwa, ƙoda suke ci a hankali. Wankin ƙoda kuwa ba kuɗin lebura ba ne. Lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari ma ba ya maye gurbin ruwa. In maigida ne da kansa ke rarraba ƙwaya don aiki ya yi sauri, wannan ba wurin zama ba ne.

In tuɓe riga ko in bar ta?

Bar ta. Riga mai faɗi ta auduga, mai haske, da malfa ko ƙyalle a ka. Rigunan ƙwallon nan na roba zafi suke riƙewa. Jiƙa ƙyalle ka yafa a wuya. Mai walda da mai niƙa kada su cire kariyar ido don zafi, su dai ƙara yawan hutu.

Ya zagi iyayena, har ya kai mini mari. In rama?

Abu na farko, ajiye abin da ke hannunka. Shebur, guduma, diga, ko me ne. Rigimar wurin aiki takan zama ta kotu ne saboda mai fushi yana riƙe da ƙarfe, kuma zafi da yunwa na gajarta zuciyar kowa, taka da tasa. Matsa daga wurin, wanke fuska, kada ka ce komai a lokacin.

Amma kada a bar ta a haka. Duka laifi ne a doka, ko wa ya yi shi, kuma wanda ya mara sau ɗaya aka yi shiru zai sake. Ka riƙe waɗanda suka gani, ka kai maganar ga manya, in da rauni ka je asibiti ka kuma kai rahoto. Yaron da mahaifinsa ya damƙa shi koyon sana'a, kada ya gudu a ɓoye, ya koma ya gaya wa wanda ya kawo shi. Amana aka bayar, kuma wanda ya bayar da ita shi ke da bakin tambayar yadda aka riƙe ta.

Ina dawowa gida da faɗa, mai ɗakina da yara sun fara gudun shigowata.

Wannan na san shi a jikina. Tsawar da ka haɗiye da rana, a kan wanda bai ji ba bai gani ba take fita. Abin da ya taimake ni shi ne kada in buɗe baki kan wata magana sai na yi wanka, na sha ruwa, na ci abinci. Rabin fushin yamma ƙishirwa ce da ciwon kai. Ka kuma nemi barci ko ta halin ƙaƙa, don ɗakin kwano a Afrilu ba ya hucewa sai tsakar dare. A yayyafa ruwa a tsakar gida a shimfiɗa tabarma a waje, da gidan sauro. Wanda bai yi barci ba rana ta fi saurin kayar da shi.

In na yanke shawarar tafiya, yaya zan yi?

Nemi wani wurin tukuna, kada ka saki reshe ka kama ganye, sai fa in ranka ne ke cikin haɗari. Ka yi sallama. A doka, wanda bai wuce wata uku ba sanarwar kwana ɗaya ce, daga nan zuwa shekara biyu mako ɗaya, shekara biyu zuwa biyar mako biyu, biyar zuwa sama wata guda, kuma shi ma haka ta hau kansa in zai sallame ka. Karɓi kuɗinka, mayar da kayan aikinsa gaban shaida, ka ce a yafi juna ko da zuciyarka ba ta so. Sakkwato a wajen masu sana'a ƙaramin gari ne, wanda za ka je wurinsa gobe wataƙila tare suka yi koyo da wanda ka bari.

Ni ne maigidan. Aiki na da wa'adi, mai gini na matsa mini. Me kake so in yi?

Abin da nake yi ba shi da tsada. Ruwan sha ina sa shi cikin lissafin aiki tun wajen yin farashi, kamar yashi da tsakuwa. Randa na zama a inuwa kusa da masu aiki, ba can bakin ƙofa ba inda sai yaro ya wuce ta gabana kafin ya sha. In babu bishiya, tamfol ɗaya da sanda huɗu sun isa. Zubin dakin a bazara da asuba muke fara shi. Sabon yaro ina haɗa shi da tsohon hannu ya riƙa duba shi, kuma na gaya wa kowa cewa wanda ya ce kansa na juyawa ba za a cire masa ko kwabo ba, don in suna tsoron yankan kuɗi ɓoyewa za su yi har su faɗi. Har yanzu ina faɗa, ban zama waliyyi ba. Amma da rana ta take ina ƙirga masu zagayawa bayan gini, kuma wanda na lura bai je ba tun safe, shi nake fara kira ya sauko.